Giyar CVT a bakin direbobin Kumasi

Duk wanda ya raka ɗan'uwansa sayen mota a Kumasi ta ƙasar Gana a 'yan shekarun nan ya san cewa tambayoyin masu saye sun sauya. Da can mutum yakan buɗe bonet ya saurari inji, ya leƙa ƙarƙashi ko tsatsa ta ci jiki, ya nemi takardun kwastan, sannan a shiga ciniki. Yanzu kuwa, kafin a kai ga maganar kuɗi, sai ka ji mai saye ya ce, "Giyarta wace iri ce? CVT ce?" Idan dillali ya amsa da e, sau da yawa fuskar mai saye takan canza, har ya fara neman ragi tun bai murza makulli ba. Da yawa daga masu wannan tambaya ba su taɓa ganin cikin irin wannan giyabos ba, kamar yadda da yawa daga masu jan ƙananan motocin haya a garin nan suke yini a kanta ba tare da sun san ita ce a ƙarƙashinsu ba. Na daɗe ina sauraron direbobi a kan wannan batu, a tasha da gareji da majalisar bayan la'asar a Aboabo, kuma abin da na fahimta shi ne ra'ayin mutum a kanta yana bin aljihun da kuɗi ke fita ne. Wanda ke sayen fetur kullum da guminsa yana yabonta, wanda kuma gyaranta ya taɓa faɗowa a kansa ba ya son jin sunanta.

Giyar hannu da tsohuwar giyar otomatik duk da haƙoran ƙarfe suke aiki, kuma suna da matakai ƙidayayyu, huɗu ko biyar ko shida, waɗanda mota ke hawa ɗaya bayan ɗaya. CVT ba ta da waɗannan matakai. A cikinta akwai fuli biyu, ɗaya yana karɓar ƙarfi daga inji, ɗayan yana miƙa shi ga tayoyi, kuma kowanne an yi shi ne da faifai biyu na ƙarfe masu gangaren fuska waɗanda ke iya matsowa kusa da juna ko su buɗe. Bel ne ke haɗa fulin biyu. Idan faifan suka matse, bel yakan hau sama ya zagaya da'ira mai faɗi, idan kuma suka buɗe sai ya sauka ciki ya zagaya ƙaramar da'ira, ta haka gudun tayoyi ke ƙaruwa ko raguwa a hankali ba tare da wata gaɓa da direba zai ji ba. Famfon mai ne ke tura faifan, kwamfutar mota kuma ita ke yanke yawan matsin da ake bukata a kowane lokaci. Shi bel ɗin na ƙarfe ne, an jera ɗaruruwan ƙananan sassa a kan siraran zobba, kuma tura fuli na biyu yake yi maimakon ya ja shi. Wasu kamfanoni, irin su Subaru, sarƙa suke sakawa a madadinsa. Abin da ya kamata kowane mai mota ya riƙe shi ne babu haƙori ko ɗaya da ke riƙe bel da fuli. Matsin mai da kamun ƙarfe da ƙarfe su kaɗai ne ke ɗauke da nauyin motar baki ɗaya, kuma kusan duk wani yabo ko suka da za ka ji daga bakin direba daga nan ya samo asali.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ya fitar da ƙaramar mota mai irin wannan giya a 1958, lokacin da bel ɗin na roba ne, irin wanda har yau ake gani a ƙananan babura marasa giya. Bel na ƙarfe ya shiga kasuwa sosai a 1987 a motoci irin su Subaru Justy, sannan kamfanonin Japan suka rungume ta saboda dokokin shan mai da hayaƙi. Mu dai ta iso mana ne ta tashar jiragen ruwa ta Tema, a cikin motocin da wasu suka riga suka ci moriyarsu.

Ƙorafin tsofaffin direbobi daga kunne yake farawa. Mutumin da ya yi shekaru yana jan turoturo, wato ƙaramar bas ta haya, ko babbar mota tsakanin Kumasi da Tamale, da kunnensa yake tuƙi. Kukan inji ne ke gaya masa lokacin sauya giya, kuma idan ya ji inji ya ɗaga murya amma mota ba ta ƙara gudu daidai da muryar ba, abu ɗaya ke zuwa masa a rai, wato kuloci ya fara zamewa. To, haka CVT mai ƙoshin lafiya take yi idan aka taka totur da ƙarfi: kwamfuta takan kai inji inda ya fi ƙarfi ta ajiye shi a wurin, sannan fulin su riƙa sauyawa har gudun mota ya cim ma kukan injin. Wani dattijo a unguwarmu, wanda ya ajiye tuƙin babbar mota, ɗansa kuma ya aiko masa da ƙarama daga waje, ya ce da ni, "Ɗana, ni fa motar nan ba na jin maganarta. In na taka sai ta yi ta kuka a waje ɗaya, ban san giya ta nawa nake ba, kuma a gangare ba ni da abin riƙe ta sai birki." Na ce masa, "Baba, a ƙasan D akwai wani harafi, B, shi aka tanada domin gangare. In ka ja sandar zuwa nan inji zai riƙe motar kamar yadda ka saba yi da giya ta biyu." Babu wanda ya taɓa gaya masa haka, kuma littafin motar bai zo tare da ita ba. Ya gwada a hanyar tafkin Bosomtwe, ya dawo ya ce rabin damuwarsa ta tafi, amma ɗaya rabin na nan, domin har yanzu kukan ba ya yi masa daɗi.

Wannan ƙorafi ba namu ba ne mu kaɗai. Direbobin Amurka da Turai sun yi shi da ƙarfi har masu ƙera motoci suka koya wa kwamfuta ta riƙa kwaikwayon sauyin giya. Toyota Corolla ta 2014, wadda ta cika titunanmu yanzu, tana iya nuna matakai bakwai waɗanda babu su a jikin ƙarfen, tsayawa kawai fulin ke yi a wurare bakwai domin kunnen direba ya samu abin da ya saba. Injiniyoyi sun san cewa hakan yana ɗan rage amfanin giyar, duk da haka ban ga laifinsu ba, domin natsuwar direba ita ma wani ɓangare ce na lafiyar tafiya. Wanda zai wuce tirela a hanyar Accra, a wuraren da hanya ke da hannu ɗaya tsakanin Konongo da Nkawkaw, yana bukatar ya amince da abin da motarsa za ta yi idan ya taka. A nan ne matasa ma suke da nasu ƙorafin, cewa akwai ɗan jinkiri tsakanin taka totur da zaburar mota. Jinkirin gaskiya ne, sai dai yawancin masu faɗin haka Toyota Vitz suke ja mai inji lita ɗaya da silinda uku, wanda ƙarfinsa bai wuce kusan doki 70 ba, ga fasinja huɗu, ga iyakwandishan a kunne. Raunin injin ne ake ɗora wa giya. Ƙungiyar tseren motoci ta Williams ta gwada CVT a motar Formula 1 a 1993, aka haramta ta kafin ta shiga gasa ko ɗaya, kuma wannan ya isa ya nuna cewa rashin gudu ba ɗabi'arta ba ce.

Idan ka bar dattawa ka shiga motar matashin da ke ɗaukar fasinja ta manhajar waya, labari yakan juya. Uber ta fara aiki a Accra a 2016, daga baya ita da sauran irinta suka iso Kumasi, kuma wannan sana'a ce ta cika garin da ƙananan motoci masu ƙarancin shan mai. Tun 2015 gwamnati ta cire hannunta daga ƙayyade farashin fetur, ana sake duba shi duk mako biyu, sannan 2022 ta zo da faɗuwar kuɗinmu sidi da hauhawar farashin da ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Direban da ya rayu cikin wannan shekara ba ya wasa da lita ɗaya. Wani daga cikinsu da ya ɗauko ni daga Asawase zuwa Sofoline, muna tsaye cikin cunkoson Kejetia, ya nuna mini allurar inji tana kwance a ƙasa yayin da motar ke rarrafawa, ya ce, "Yaya, dubi nan. Wadda na ja a da, in na yini a cunkoso irin wannan, ƙafata ta hagu ba ta barina barci, kuma tanki ba ya kai ni dare. Wannan kuwa abin da ya rage na mai shi ne kuɗin cefanen gidana." Maganarsa tana da tushe. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, Corolla ta 2013 mai tsohuwar otomatik ta matakai huɗu tana yin mil 29 da galan ɗaya, ta 2014 mai CVT kuma mil 32, bambancin kusan kashi goma cikin ɗari. Ga mai motar gida wannan ba wani abu ba ne, amma ga wanda ke kan titi daga asuba zuwa isha'i kuɗi ne da ake gani a hannu.

Sai dai a cikin matasan ma akwai rabuwar kai, kuma yarjejeniyar da ke tsakanin direba da mai mota ce ke kawo ta. Wanda ke kai wa mai mota kuɗin yini, babban gyara kuma na mai mota ne, shi ne ya fi kowa son CVT, domin ribar tasa ce, haɗarin na wani. Wanda kuma ya karɓi mota a tsarin nan da ake biya mako-mako har ta zama tasa, lissafinsa daban ne. Ya san cewa ranar da zai gama biya ita ce ranar da motar ta fi tsufa, kuma idan giyabos zai mutu, a hannunsa zai mutu. Irin waɗannan ne ke neman Yaris da aka shigo da ita daga Amurka, wadda jikinta kusan ɗaya ne da Vitz ta Japan amma giyarta tsohuwar otomatik ce mai matakai huɗu, ko kuma Corolla ta 2009 zuwa 2013. Sun yarda su ƙara kuɗin mai domin su yi barci da kwanciyar hankali, kuma ni ban ga rashin hikima a wannan zaɓi ba.

Mummunan sunan da CVT ta yi ba ƙage ba ne. Nissan ce ta fi kowane kamfani saurin saka ta a manyan motoci, tun daga Murano ta 2003, ta hannun kamfanin Jatco da ke ƙarƙashinta, kuma ƙorafin masu motoci a Amurka ya yi yawa har kamfanin ya ninka garantin giyar a motocin 2003 zuwa 2010, daga shekara biyar ko mil 60,000 zuwa shekara goma ko mil 120,000. Ba'amurke ya samu wannan kariya. Mu kuwa motar takan iso mana ne bayan garantin ya ƙare, wata daga gwanjon motocin da suka yi haɗari, wata an taɓa lambar tafiyarta, kuma babu takardar da ke nuna ko an taɓa sauya mata man giya. Majalisar dokokin Gana ta zartar da doka a 2020 domin hana shigo da motocin haɗari da waɗanda suka haura shekara goma, amma aka dakatar da aiwatar da ita, saboda haka kasuwarmu har yanzu a kan tsofaffin motoci take tafiya. Direban Kumasi yana yanke wa CVT hukunci ne a kan ƙarshen rayuwarta. Kuma yakan haɗa su duka a buhu ɗaya, alhali ta Toyota da ta Honda da ta Nissan ba abu ɗaya ba ne, ba su da tarihi ɗaya, ko mai ɗaya ba sa sha.

Maganar mai ita ce ta fi ci mini rai, domin a nan ne muke kashe giyar da hannunmu. A tsohuwar otomatik man giya ja ne, kowane yaron gareji ya san shi, kuma ko an saka wanda bai dace sosai ba giyar takan jure. Man CVT yana da aiki biyu masu karo da juna: ya sanya sassa su yi santsi, kuma ya bar bel ya kama fuli ba tare da zamewa ba. Shi ya sa kowane kamfani ke da nasa, Nissan tana da NS-2 da NS-3, Toyota tana da TC da FE, Honda tana da HCF-2 a sababbin motocinta. Na tsaya a wani gareji a Magazin ɗin Suame, babbar unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Kumasi, ranar da aka sauke giyabos ɗin wani direban haya da na sani, wanda motarsa ta fara karkarwa a lokacin tashi sannan ta daina ja. Masta, wato babban makanikin garejin, ya cire kaskon mai ya miƙo masa. Maganaɗisun da ke ƙasan kaskon sun lulluɓe da garin ƙarfe har ba a ganin jikinsu, man kuma ya yi duhu yana warin ƙuna. Da aka buɗe ciki, Masta ya kama hannun direban ya ɗora farcensa a kan fuskar fulin, wadda ya kamata ta zama sumul, farcen ya riƙa maƙalewa a layukan da bel ya ƙarta. Ya tambaye shi, "Ɗan'uwa, wa ya yi maka juyen man giya na ƙarshe?" Direban ya ce a bakin hanya aka yi, yaron ya ce masa man otomatik duk ɗaya ne, kuma kuɗin bai kai rabin na asali ba. Masta ya girgiza kai ya ce, "Ranar da aka zuba man nan giyar ta fara mutuwa. Da ka zo a makon da ka fara jin karkarwa, da mun zubar mun wanke, wataƙila mu cece ta. Yanzu garin ƙarfen nan ya shiga ko'ina." Araha ba ta ado, kuma a wannan karon arahar ta ci kuɗin aikin watanni.

Yaron da ya zuba man ba mugu ba ne, abin da aka koya masa ke nan. Ga kuma jabun mai da ke yawo a kasuwa cikin galan mai kama da na asali. Sannan yawancin waɗannan giyoyi ba su da sandar duba mai, sai an ɗaga mota, an haɗa na'ura an ga zafin man ya kai inda ake so, kafin a san ko ya cika ko bai cika ba, kuma ƙarancinsa da yawansa duk ɓarna ne. Akwai kuma masu motar da aka gaya wa cewa man CVT na har abada ne, ba a sauya shi. Wannan magana, ko da ta dace da mai tafiya a sanyin Kanada, ba ta dace da motar da ke yini a cunkoson shataletalen Suame cikin zafin watan Maris ba. Masu gyaran da na amince da aikinsu suna ba da shawarar kada motar haya ta wuce kilomita 40,000 zuwa 50,000 ba a sauya mata ba.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Direbobin da ke tafiya arewa lokacin sallah, ko masu hawan dutsen Mampong da kaya, suna ba da labari iri ɗaya: mota na cikin tafiya sai ta ƙi wuce wani gudu, ko ka taka totur har ƙasa, amma idan ka tsaya ka kashe ta na ɗan lokaci sai ta dawo daidai. Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa giyar ba ta da ƙarfi. Abin da ke faruwa shi ne man ya yi zafi fiye da kima, kwamfuta ta rage ƙarfin inji domin kada bel ya zame, wato motar kare kanta take yi, kuma tana sanar da mai ita cewa akwai abin dubawa. A motoci da dama ruwan lagireto ne ke sanyaya man giya, saboda haka al'adarmu ta zuba ruwan famfo zalla a lagireto har ya toshe da tsatsa tana taɓa giyar kai tsaye. Haka ma lodin da ya wuce kima. Ƙaramar motar da aka ƙera domin mutum huɗu da jakunkunansu, idan aka cika mata but da buhunan doya da gawayi daga Techiman, bel ne ke ɗaukar wahalar. Lokacin damina kuma, idan taya ta nutse a taɓon lungunan Zango, direba yakan riƙa wasa da sanda tsakanin D da R yana taka totur, taya ta yi ta juyawa a banza sannan ta kama ƙasa kwatsam, kuma wannan fizga ɗaya tana iya barin tabo a fuskar fuli. Ko jan mota da igiya zuwa gareji, inji a kashe, tayoyin gaba a ƙasa, yana cutar da ita, domin famfon mai ba ya aiki a lokacin.

Duk da haka, ba zan ce direbobi su daina tsoron CVT domin laifin na hannunmu ne kawai ba. Tsoronsu yana da hujjar da ta fi ƙarfin maganar mai da zafi. Magazin an gina ta ne a kan buɗewa da gyarawa. Giyabos na hannu, idan haƙori ɗaya ya karye, ana sauya haƙorin, idan kuloci ya ƙare a sa wani, mota ta koma aiki kafin magariba. Tsohuwar otomatik ma akwai gwanayen da ke warware ta su sauya faifan da suka ƙone. CVT kuwa, da zarar bel ya ƙarci fuli, gyaran yakan kusa kai kuɗin wani giyabos, shi ya sa amsar da mai mota ke samu kusan kullum ita ce a nemo na hannu a shagunan Suame ko a aiko da shi daga Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra. Farashinsa dala yake bi, kuma shi ma daga tsohuwar mota aka ciro shi, babu mai iya ganin cikinsa, garantin da mai shago zai bayar kuma na ɗan gajeren lokaci ne. Ko an samu mai kyau, aiki bai ƙare ba. Sai an wanke bututun sanyaya mai domin garin ƙarfen tsohon kada ya shiga sabon, sai kuma an haɗa na'ura an daidaita kwamfuta da giyabos ɗin da aka ɗaura. Inda aka tsallake waɗannan, na biyun ma ba ya daɗewa, daga nan mai mota ya rantse cewa ba zai ƙara kusantar CVT ba har abada. Talakan da motarsa ita ce gonarsa yana da haƙƙin ya guji kayan da garinsa bai gama iya gyarawa ba.

Abin da ke damuna shi ne gudun ba zai yiwu na dogon lokaci ba. Honda ta koma CVT a Accord mai silinda huɗu tun 2013, a Civic tun 2014, a CR-V tun 2015, Hyundai da Kia ma sun fara saka irin tasu a ƙananan motoci daga wajen 2018. Motocin da Amurka ke ja yau su ne za su sauka a Tema gobe, kuma Corolla ɗin nan ta 2013 da kowa ke nema tana ƙara tsufa kowace shekara. Wasu daga cikin manyan Magazin sun gane haka, sun sayi na'urar binciken kwamfuta, sun bar yaransu da suka yi makaranta su riƙa karanta lambobin matsala suna nemo bayani a intanet, kuma irin waɗannan garejoji ba sa rabuwa da layi. Wasu kuma har yanzu suna korar motar tun daga ƙofa. Ina ganin ƙungiyoyin masu gyara da makarantun koyon sana'a na garin nan suna da aiki a gabansu, kuma ba sai sun fara da buɗe giyabos ba. Idan kowane yaro da ke juyen mai a Kumasi ya san cewa wannan giyar tana da nata man, ya san yadda ake auna shi, rabin giyabos ɗin da ake saukewa yau da suna kan hanya.

Akwai kuma masu ra'ayin da ba a cika jin muryarsu ba, domin ba sa zaman tasha. Malamar asibiti da ke zuwa aiki asibitin Komfo Anokye daga Kwadaso, ko Hajiyar da ke kai yara makaranta ta wuce shagonta a Adum, idan ka tambaye su game da giyar motarsu sai su ce ba su taɓa lura da ita ba, tafiya ce dai mai laushi, babu fizga. Suna tashi a hankali, ba sa lodi, kuma suna kai mota wurin mutum ɗaya da ya san ta. Motocinsu suna shekaru ba a taɓa giyabos ba, amma babu wanda ke ba da labarin motar da ba ta lalace ba.

Masu ƙera motoci su ma sun gyara wasu abubuwa. A 2018 Toyota ta fito da CVT mai giyar tashi ta haƙori, wadda ke ɗaukar nauyin mota daga tsaye har ta ɗan yi gudu kafin ta miƙa aikin ga bel, kuma wannan ya rage jinkirin da direbobi ke kuka da shi, ya kuma sauke wa bel mafi wuyar aikinsa. Motoci masu haɗa fetur da batir kuwa, irin su Prius da ta fara fitowa a Japan a 1997, da Camry da Corolla masu irin wannan tsari, ana rubuta e-CVT a takardunsu, kuma na ga masu saye suna ja da baya da jin sunan. A cikin wannan giya babu bel, babu fuli, haƙoran ƙarfe ne da injinan lantarki biyu, kuma tana cikin giyoyin da suka fi daɗewa ba su ba da matsala ba. Mai son sayen irin wannan mota ya mayar da tambayarsa kan lafiyar babban batir, ya sa a auna masa shi da na'ura kafin ya biya, sannan ya duba ragar iskar da ke kusa da kujerar baya wadda fankar batir ke shaƙa ta cikinta, domin ƙurar hunturu tana toshe ta, batir ya riƙa zafi ba tare da direba ya sani ba.